Sabis ya yanke, foldojin Thunderbird sun ɓace: ina wasiƙunmu suka shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ofis ne, da Thunderbird nake karɓar imel ɗin aiki a kwamfutar Windows. Sabis ɗin intanet ɗinmu yana yawan yankewa. Kwanan nan ya yanke ina tsakiyar aiki, saƙo ya fito cewa an kasa haɗuwa da uwar garke. Da na rufe na sake buɗewa sai na tarar foldoji da yawa sun ɓace daga gefen hagu, wasu da suka dawo kuma tsarinsu ya koma kamar sabo. Na abokin aikina ya fi muni, Thunderbird ɗinsa ta buɗe tana neman ya saka adireshin imel kamar bai taɓa amfani da ita ba. An ba mu shawara mu goge akawun ɗin mu sake sakawa. Mu yi hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ku goge akawun ɗin, kada kuma ku cire Thunderbird ku sake ɗora ta, aƙalla ba yanzu ba. A irin wannan matsala yankewar sabis ba kasafai take cinye wasiƙa ko ɗaya ba. Asarar da ba ta dawowa galibi a wajen gyara ake yin ta, lokacin da hankali ya tashi mutum ya shiga goge-goge. Idan ka zo cire akawun a Thunderbird akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a haɗa da wasiƙun da ke kan kwamfutar a goge, kuma mai gaggawa yana iya danna shi bai karanta ba.

Abu biyu za ka fara yi, kai da abokin aikin naka, kafin ku taɓa komai.

Na farko, ka rufe Thunderbird gaba ɗaya, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA%\Thunderbird ka shiga. Duk abin da ka gani a wurin ka kwafe shi zuwa filash ko wani faifai na waje. A nan rayuwar manhajar take: wasiƙu, saituna, kalmomin sirri, littafin adireshi, duka suna cikin foldar Profiles. Mai Linux zai same ta a ~/.thunderbird, mai Mac kuma a ~/Library/Thunderbird. Muddin wannan kwafin yana hannunka, duk kuskuren da za a yi daga baya yana da magani.

Na biyu, ka buɗe burauza ka shiga imel ɗin ta shafin intanet na kamfanin da ke riƙe muku da shi, ko ka duba ta waya. Ka ga foldojin a can ko ba ka gan su ba? Amsar wannan tambaya ita ce za ta raba hanya.

Mu ɗauka ka gan su, wanda shi ne ya fi yawa. To wasiƙunka lafiya lau suke, Thunderbird ce kawai ta daina nuna su. Bari in yi bayanin yadda hakan ke faruwa, domin wanda ya gane dalilin ba zai ƙara firgita ba.

Yawancin akawun na yanzu da tsarin IMAP suke aiki. Mark Crispin ne ya ƙirƙiro shi a 1986 a Jami'ar Stanford ta Amurka. Tushen tsarin shi ne maganar uwar garke ita ce magana. Uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye da imel ɗinku, ita ke riƙe da asalin kowace folda, abin da ke kwamfutarka kwafi ne. Duk lokacin da Thunderbird ta haɗu da ita sai ta nemi jerin foldoji da umarnin LIST, ko jerin waɗanda ka yi wa rajista da umarnin LSUB, sannan ta gwada amsar da abin da take da shi. Foldar da ba ta zo a cikin amsa ba, sai ta ɗauka an goge ta daga wani wurin, misali daga wayarka, ita ma ta cire nata kwafin. A rana ta lafiya haka ake so, shi ya sa abin da ka goge a waya yake ɓacewa a kwamfuta.

Matsalar tana zuwa ne idan amsar ta zo a gutsure. Sabis ya yanke ana tsakiyar aiko da jerin, ko uwar garken ta yi nauyi ta amsa da jeri maras cika, ko ta ƙi karɓar ƙarin haɗi saboda an kai iyakar da ta gindaya. Ya kamata manhaja ta bambanta "ban samu amsa ba" da "an ce babu", kuma mafi yawan lokuta tana bambantawa. Idan ta kasa, to aibin manhajar ne, ba laifinka ba ne, kuma ina ganin aibi ne mai nauyi, domin mutanen da sabis ɗinsu ke rawa su ne yake cutarwa.

Yanzu batun tsarin da ya koma kamar sabo. A cikin foldar ImapMail, ƙarƙashin sunan uwar garkenku, kowace folda fayil biyu gare ta. Ɗaya ba shi da wutsiya, kamar INBOX ko Sent, shi ke ɗauke da wasiƙun a jere ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan yana ƙarewa da .msf. Wannan kamar littafin mai sito yake: ba shi ne kayan ba, amma shi ke faɗin abin da ke ciki da inda aka ajiye kowanne. A cikin .msf ɗin nan ne Thunderbird take rubuta ginshiƙan da ka zaɓa a nuna, da yadda ka jera wasiƙu, ta kwanan wata ko ta sunan mai aikowa, da ƙa'idar tsawon lokacin da za a riƙe wasiƙa a wannan foldar. Idan manhajar ta cire folda sannan ta sake gano ta, sabon .msf take buɗe mata, babu ko ɗaya daga cikin zaɓinka. Sai kuma ta shiga sauko da wasiƙun daga farko. Ga ofishin da ke sayen data da kuɗi, foldar shekara biyar mai cike da takardun da aka liƙa ba ƙaramin ci take yi ba. Alamar wasiƙar da ka karanta da wadda ka amsa ba sa ɓacewa, saboda a uwar garke ake ajiye su.

Dawo da foldojin ba wuya. Ka jira sabis ya zauna tukuna. Ka danna 'yar kibiyar da ke gefen sunan akawun ka naɗe jerin, sannan ka sake buɗe shi. Wannan yana sa Thunderbird ta sake tambayar uwar garke, kuma sau da yawa nan take suke dawowa. Idan ba su dawo ba, ka danna sunan akawun da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Subscribe, ka danna Refresh, ka sa alama a kan duk foldar da babu alama. Ni dai shawarata ga wanda akawun ɗinsa nasa ne shi kaɗai ita ce ya shiga Account Settings, Server Settings, Advanced, ya cire alamar da ke kan "Show only subscribed folders". Da haka manhajar za ta riƙa nuna duk abin da ke uwar garke, an rage ƙofa ɗaya da foldoji ke bi su ɓuya. Mai Gmail kuma ya leƙa saitin Labels ta burauza, domin foldoji a Gmail laƙabi ne, kuma akwai akwatin "Show in IMAP" a gefensu. Wanda aka cire wa alama ba zai taɓa fitowa a Thunderbird ba.

Idan folda ta fito amma babu komai cikinta, ko lissafin wasiƙun bai yi daidai ba, ka danna ta da dama, Properties, sannan Repair Folder. Zai zubar da tsohon .msf ya gina sabo. Idan jerin gefen hagu ne ya rikice gaba ɗaya, ka rufe manhajar ka goge fayil ɗin folderCache.json, wanda a tsofaffin fitowa sunansa panacea.dat. Za ta sake ƙirƙirar sa da kanta.

Akwai abin da ake yawan mantawa bayan foldoji sun dawo. Idan kana da matatun da ke rarraba wasiƙu zuwa foldoji, Thunderbird tana kashe duk matatar da ta nemi foldarta ta rasa. Sai a yi makonni wasiƙu na taruwa a akwatin shiga ba a san dalili ba. Ka buɗe Message Filters ka tabbatar kowace tana kunne kuma tana nuni ga foldar da ta dace. Ka kuma duba Copies & Folders a saitin akawun, ka ga inda ake ajiye wasiƙun da ka aika da waɗanda ba ka gama rubutawa ba.

To idan ka shiga ta burauza ba ka ga foldojin ba fa? Nan ne wurin taka-tsantsan. Ka fara duba cikin sauran foldoji da kwandon shara, domin lokacin da manhaja ke sanƙarewa saboda sabis, hannu yakan ja folda ya saka ta cikin wata ba da niyya ba, umarnin kuma ya isa uwar garke. Idan da gaske babu su, to kwafin da ke kwamfutarka yana iya zama shi kaɗai ya rage a duniya. A wannan hali kada ka kuskura ka danna Repair Folder, saboda a akawun na IMAP yana zubar da kwafin gida ya nemi sabo daga uwar garken da babu komai a cikinta. Kada ma ka bar Thunderbird ta haɗu da intanet. Ka zare waya ko ka kashe Wi-Fi kafin ka buɗe ta.

Daga kwafin da ka yi a filash, ka shiga ImapMail ka nemi fayiloli marasa wutsiya masu sunan foldojin da suka ɓace. Ƙananan foldoji suna cikin wata folda mai ƙarewa da .sbd. Ka dubi girmansu. Fayil mai megabayit ɗari biyu wasiƙu ne a ciki, mai sifili kuma babu komai. Thunderbird tana rufe, ka kwafe su zuwa Mail\Local Folders, ka sauya musu suna don kada su ci karo da waɗanda ke wurin, ka bar .msf ɗinsu a baya. Da ka buɗe manhajar za su fito ƙarƙashin Local Folders, inda uwar garke ba ta da iko a kansu. Wannan yana yiwuwa ne saboda Thunderbird tun asali tana ajiye cikakken kwafin wasiƙu a kwamfuta, sai idan wani ya kashe zaɓin a Synchronization & Storage. Daga nan sai ku tuntuɓi mai kula da imel ɗin ofishinku da wuri, don masu riƙe da imel suna da kwafin ajiya amma na ɗan lokaci ne. Ku tambaye shi ko an yi ƙaura zuwa sabuwar uwar garke. Kowace folda a IMAP tana da wata lamba mai suna UIDVALIDITY, kuma ƙa'ida ta ce idan lambar ta sauya dole manhaja ta zubar da abin da ta sani game da foldar ta fara daga farko. Ƙaura ko sake gina akwatin wasiƙu yana iya sauya ta, kuma a idon mai amfani abin yana kama da matsalar sabis.

Idan akawun ɗinka na POP ne, tsohon tsarin da ke sauko da wasiƙa ya ajiye a kwamfuta, to foldojinka ba su taɓa zama a uwar garke ba, don haka rashin ganin su a burauza ba abin tsoro ba ne. Suna cikin foldar Mail. Wannan kuma shi ya sa goge-goge ya fi haɗari ga mai POP.

Mu koma kan abokin aikinka. Matsalarsa daban ce, ko da yake rana ɗaya ta same ku. Bayanin akawun ɗinsa duka, sunan uwar garke, lambar ƙofa (port), sa hannun ƙasan wasiƙa, sunayen alamomi da launukansu, a fayil ɗaya suke mai suna prefs.js. Thunderbird tana sake rubuta shi idan an sauya saiti da kuma lokacin rufewa. Yankewar sabis ita kaɗai ba ta taɓa wannan fayil. Abin da ke biyo bayanta ne ke taɓa shi: manhaja ta sanƙare tana jiran amsa, mutum ya gaji ya danne maɓallin kashe kwamfuta, ko a ɗauke wuta na'urar intanet da kwamfutar su mutu tare. Idan hakan ya faɗo daidai lokacin rubutu, fayil ɗin yana iya lalacewa, manhajar kuma ta tashi ba ta san kowa ba. Akwai yanayi guda da sabis ke da hannu kai tsaye, shi ne idan an ajiye foldar Thunderbird a faifan ofis da ake shiga ta netwok, ko a cikin foldar da OneDrive ko Dropbox ke daidaitawa. Ban yarda da wannan tsari ba ko kaɗan. Manhajar tana riƙe da fayilolinta a buɗe duk tsawon aiki, idan hanya ta yanke a tsakiya sai rubutu ya tsaya rabi.

Ya shiga foldar Profiles ya fara ƙirga foldojin da ke ciki. Idan sun fi ɗaya, wataƙila babu abin da ya lalace, Thunderbird ce ta buɗe sabon gida, wato sabuwar folda a cikin Profiles, ta bar tsohon. Tun daga fitowa ta 68 kowace ɗorawa tana da nata gidan, kuma fayilolin profiles.ini da installs.ini ne ke faɗin wanda za a buɗe. Tsohon gidan shi ne mai nauyi. Ya danna Windows da R, ya rubuta thunderbird.exe -P, ya zaɓi tsohon daga jerin da zai fito. Ko ya bi ta Help, Troubleshooting Information, ya nemi about:profiles.

Idan gida ɗaya ne, ya nemi fayiloli masu suna Invalidprefs.js, ko prefs-1.js, prefs-2.js da makamantansu. Ya buɗe su da Notepad ya nemi layin da ke ɗauke da mail.accountmanager.accounts, da layukan da ke farawa da mail.server waɗanda za su nuna sunan uwar garkenku. Wanda ya ƙunshi waɗannan kuma bai yanke a tsakiya ba, shi ne na kirki. Manhajar tana rufe, ya sauya wa prefs.js na yanzu suna, ya ba na kirkin sunan prefs.js. Idan babu ko ɗaya, ya danna foldar da dama ya duba Previous Versions, ko Allah zai sa an kunna ajiyar tarihin fayiloli a kwamfutar.

Idan duk wannan bai yiwu ba, sai a sake saka akawun, amma a cikin wannan gidan, ba tare da an goge komai ba. Thunderbird za ta buɗe sabuwar folda kusa da tsohuwar, ta ƙara mata -1 a suna. Na IMAP zai sauko da kansa. Na POP sai a kwashe fayilolinsa zuwa Local Folders kamar yadda na bayyana a sama. Littafin adireshi yana cikin abook.sqlite, matatu suna cikin msgFilterRules.dat na kowane akawun, kalmomin sirri kuma suna cikin logins.json da key4.db, waɗanda tare suke tafiya, ɗaya ba ya aiki babu ɗayan.

Wani gargaɗi da ya shafe ku duka. Lokacin da sabis ke rawa, Thunderbird tana iya cewa shiga bai yiwu ba, ta ba ka zaɓin saka sabuwar kalmar sirri. Ka soke kawai, kalmarka ba ta sauya ba. Haka idan ta nuna gargaɗin takardar shaidar tsaro, musamman a Wi-Fi na otal ko wurin taro mai shafin shiga, kada ka amince da keɓewar da take tayi. Mai yiwuwa wata na'ura ce ta tsaya tsakaninka da uwar garke. Sannan ba duk saƙon kasa haɗuwa ba ne na sabis. Google ta rufe shiga da kalmar sirri zalla ga manhajoji irin wannan a akawun na ɗaiɗaikun mutane daga 30 ga Mayu 2022, Microsoft ta yi haka ga Outlook.com a 16 ga Satumba 2024. Mai irin waɗannan akawun ya tabbatar hanyar tantancewarsa OAuth2 ce, wato wadda ake shiga ta shafin kamfanin imel ɗin kansa. Lambobin ƙofa na yau da kullum su ne 993 ga IMAP, 995 ga POP, sai 465 ko 587 wajen aikawa.

Don kada a maimaita, ka rage yawan haɗin da Thunderbird ke buɗewa lokaci guda. A wancan shafin na Advanced da ke cikin Server Settings za ka ga lambar tana kan 5, ka mayar da ita 2 ko 3. Gmail tana yarda da haɗi 15 ne kacal a lokaci ɗaya ga akawun guda, kuma idan ofis na raba akawun ɗaya tsakanin kwamfutoci uku da wayoyi, nan da nan ake cika su. Ranar da ka ga sabis yana zuwa yana tafiya, ka shiga File, Offline, Work Offline, ka yi karatunka da rubutunka, wasiƙun su jira a Outbox har hanya ta gyaru. Kada ka yarda a matse foldoji, abin da manhajar ke kira Compact, a lokacin da wuta ba ta da tabbas. Idan aikin ya katse za ka ga folda mai suna nstmp, kada ka goge ta sai ka gwada abin da ke cikinta da asalin foldar. Kwamfutar tebur kuma tana buƙatar UPS ko da ƙarami ne, wanda zai ba ka minti biyar ka rufe komai da hannunka.

Kwafin da ka yi yau ya zama al'ada, sau ɗaya a mako, manhaja tana rufe. Thunderbird tana da Export a cikin Tools, amma ita kanta tana faɗin cewa idan kayan sun wuce gigabayit 2 gara a kwafa da hannu. Kasancewar wasiƙa a uwar garke da kwamfuta lokaci ɗaya bai sa ta zama ajiya biyu ba, tunda abin da ya goge a ɗaya yana bin ɗayan. Tsofaffin wasiƙu masu muhimmanci, irin na kwangila da biyan kuɗi, ka kwafa su zuwa Local Folders, ka kwafa ba ka matsar ba, sannan filash ɗin mako ya ɗauke su.

Idan akwai masu Outlook a ofishin naku, a faɗa musu su ma kada su goge fayil ɗin .ost da sunan gyara kafin su duba. Tun daga Outlook 2013, akawun na IMAP yana ajiye kalanda da adireshi a foldojin da aka rubuta wa "This computer only" a cikin wannan fayil, kuma ba sa zuwa uwar garke. A fara fitar da su zuwa fayil ɗin .pst tukuna.